Gas ba ya ƙarewa don rana ta yi zafi: AC ɗin mota a Birnin Kebbi da Riyad

Daga Maris zuwa Mayu, idan rana ta take a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu, kukan masu mota iri ɗaya ne: da safe AC na sanyi, da azahar sai iska mai ɗumi. Amsar gareji ma ɗaya ce, wai gas ya yi ƙasa, a ƙara gwangwani. A nan Riyad zafin Yuli da Agusta kan kai digiri 44 zuwa 45, busasshe mai ƙura irin namu, amma motoci na sanyi a tsakiyar cunkoso. Abin da na ɗauka shi ne, yawancin AC ɗin da ke gazawa a bazarar gida ba gas suka rasa ba, hanyar zubar da zafi ce ta toshe musu.

AC ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin cikin mota yake kwasowa ya kai waje, kuma wurin zubarwar shi ne kwandensa, wannan faifan mai siraran haƙora da ke gaban lagireto. Zafi ba ya barin abu sai zuwa ga wanda ya fi shi sanyi, don haka dole kwamfiresa, wato famfon AC, ta matsa gas har ya fi iskar waje zafi sosai. Gas ɗin R134a, wanda ke cikin yawancin motocinmu, idan zai koma ruwa a digiri 45 matsinsa kusan psi 150 ne a geji, wato agogon auna matsi. A digiri 60 ya kai wajen 230, a digiri 70 ya doshi 290. Ranar da iskar waje take 43, kwalta kuma na ƙara nata turirin daga ƙasa, kwamfiresa na shan wahala ninki, sanyin da take bayarwa na raguwa. Idan matsin ya haura 400 zuwa 450, akwai makunnin kariya da ke kashe ta don kada tiyo ya fashe. Shi ne za ka ji sanyi ya ɗauke, can ya dawo, can ya sake ɗaukewa.

To a kan wannan sai ka ɗora ƙurar hunturu. Wata uku zuwa huɗu tana shiga tsakanin haƙoran kwandensa, ga ƙwari, ga ƙaiƙayi da ciyawa ga mai bin hanyoyin fadama, sannan bazara ta iso ta tarar da ita a toshe. Gwajin ba ya cin ko sisi. A bar mota a tsaye, AC a kunne, a watsa wa kwandensa ruwa. Idan cikin minti ɗaya iskar ciki ta yi sanyi, allurar geji ta sauko, alama ce babba cewa iska ce ba ta ratsawa. A wanke ta da ruwa marar ƙarfi, in da hali daga baya zuwa gaba, a duba ratar da ke tsakaninta da lagireto, domin nan datti ke taruwa kamar tabarma ba a gani. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi kwantar da haƙoran yake yi, ya ƙara ɓarna. Motar da ke sanyi a hanyar Sakkwato amma ta daina da zarar an tsaya a kasuwa, fankarta za a tuhuma. Tana iya juyawa amma a gajiye, ko gudu na biyu ya mutu saboda rile ko fis.

Babban bambancin da ke tsakanin nan da gida yana wajen zuba gas. A garejin da ya san aikinsa a Riyad, na'ura ce ke zuƙe tsohon gas ta auna nauyinsa, a janye iska daga bututu na aƙalla minti 30, a dakata minti 10 a ga ko allura za ta motsa, sannan a zuba sabo da sikeli. Adadin yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, a ƙananan motoci galibi tsakanin giram 450 da 650. A gida kuwa sau da yawa hannu ake ɗorawa a kan bututu, a yi ta zubawa har a ji ya yi raɓa. Abin da ke damuna a nan shi ne, gas idan ya yi yawa cika kwandensa yake yi da ruwa, wurin zubar da zafi ya ragu, matsi ya tashi. Mai mota ya biya kuɗinsa an ƙara masa ciwon da ya kawo. Iskar da aka bari a ciki ita ma ba ta komawa ruwa, sai dai ta ɗaga matsi, danshinta kuma ya daskare a bakin bawul ko ya ɓata man kwamfiresa. AC rufaffen zagaye ne. Idan gas ya ragu sosai cikin 'yan watanni, akwai yoyo, kuma alamarsa maiƙo ne da ƙura ta manne wa a mahaɗar tiyo ko gefen kwandensa.

Ba na cewa makanikan nan sun fi namu kai. Kayan aiki suka fi su, motocin kuma ba ɗaya ba ne. Wadda aka sayar sabuwa a ƙasashen Larabawa da zafinsu aka tsara ta. Tamu kuwa tokumbo ce da ta yi shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada, inda gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ke cinye haƙoran kwandensa tun kafin ta iso tashar ruwa. Ga kuma wani tarko: sababbin motocin Turai daga 2017 galibi gas ɗin R1234yf suke zuwa da shi, ba a gauraya shi da R134a. Gas ɗin firiji ko na AC ɗin ɗaki ma ba shi da gurbi a mota. Sikeli da famfon janye iska ba su fi ƙarfin mai gareji ba, kuma mai mota na da haƙƙin tambaya giram nawa aka zuba.

Lagireto na da nasa laifin. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin ƙanzo a ciki, inji ya riƙa zafi, kwamfutar motar ta kashe AC don ta ceci injin. Kulochin kwamfiresa ma idan ratarsa ta wuce kimanin rabin milimita da yawa, da safe zai kama, da ya ɗau zafi sai ya saki. Cire siririn zoben da ke bayansa kan gyara shi ba tare da an sayi sabuwar kwamfiresa ba. In kuwa kwamfiresa ta mutu har ta watsa baƙin gari a bututu, a canza ta tare da kwandensa da diraya mai tsotse danshin gas, domin ramukan kwandensar zamani sun yi ƙanƙanta da wankewa, garin zai dawo ya kashe sabuwar.

Saura direba. Motar da ta wuni a rana cikinta kan haura digiri 60, dashbod ya fi haka. A sauke gilasai a yi tafiyar minti biyu ko uku zafin ya fita, sannan a rufe a danna maɓallin da ke juya iskar ciki, don AC ya riƙa sanyaya wadda ya riga ya sanyaya. Matatar iska da ke bayan akwatin gaban fasinja a canza ta duk ƙarshen hunturu, a Fabrairu, ranar da za a wanke kwandensa.