Farar rigar likita ta yini ɗaya ba ta nuna wa yaro sana'a

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu a watan Satumban 2025, wadda ta tanadi sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓa daga cikinsu, wato haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu, na zuba ido in ga yadda makarantun kuɗi da 'ya'yanmu ke zuwa a nan Legas za su ɗauki lamarin. Abin da ya fi yawa a idona har yanzu shi ne bikin da suke kira ranar sana'a, inda ake sa wa wannan yaro farar rigar likita, a ɗora wa wancan hular lauya, iyaye su biya kuɗin ɗinki da na abinci, a ɗauki hotuna a watsa a Facebook da WhatsApp, kowa ya watse. Wannan abu yana ɓata mini rai, domin ana sayar wa iyaye shi da sunan shirya yaro ga rayuwa, alhali yaron ya koma gida bai taɓa ko da sukundireba ba.

Mun taɓa bin irin wannan hanya. Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, a farkon shekarun 1980, an sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malaman da suka san kan aikin, sai darasin ya koma zane a kan allo da haddar sunayen kayan aiki. Masu cewa a dakata sai gwamnati ta gina wa kowace makaranta ɗakin koyon sana'a suna kiran a maimaita wancan kuskure ne kawai.

Abin takaicin shi ne babu garin da ya kai Legas arzikin wuraren aiki da yaro zai gani da idonsa. Ɗalibin da ke Agege tafiyar mota ɗaya ce tsakaninsa da Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta da ke Ikeja, inda zai tsaya a bayan mai gyara ya ga yadda ake buɗe waya, a sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, a narka dalma a maƙala abin da bai kai ƙwayar gero ba, wayar da aka fid da rai da ita ta kawo haske. Rabin yini a nan ya fi zango guda na kwafar rubutu. A mahautar Oko-Oba, wadda iyayen yaranmu da yawa ke neman abinci a cikinta, akwai likitocin dabbobi masu duba nama, aikin da ɗan mahauci kan girma a gefensa ba tare da wani ya taɓa ce masa shi ma zai iya yinsa ba. A kasuwar Mile 12, ɗan da ya saba ganin ana sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga tirelolin Arewa ya kamata a zaunar da shi a nuna masa lissafin dillali, a nuna masa yawan kayan da ke lalacewa a hanya, don ya gane cewa ajiyar sanyi da tsara sufuri sana'o'i ne da ake karantawa. Yarinyar da aka haifa a Idi-Araba kuwa tana iya takawa da ƙafa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, amma mafi yawan yaran unguwar ba sa shiga sai da rashin lafiya, ba su taɓa ganin yadda ake aiki a ɗakin gwajin jini ba.

Nan ne nake da magana da iyayenmu. Sau da yawa za ka ji uba yana cewa ai yaronsa yana zuwa shago bayan an tashi makaranta, don haka ya riga ya san sana'a. Yaron da ake aike ya sayo ruwan leda ko ya tsare rumfa lokacin salla abu ɗaya ya sani, kuma ba shi ya zaɓa ba. Mun ga ƙarshen dogaro da hanya ɗaya a shekarar 2022, lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi da dama, matasanmu masu ƙarfi a jika suka wayi gari babu abin yi, a garin da ake neman masu walda, masu haɗa wuta da masu gyaran inji ruwa a jallo. Ga matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa a Lekki, ga jiragen ƙasa na cikin gari, duk suna buƙatar hannu mai horo, kuma yaron da bai taɓa jin sunan aikin ba ba zai nemi horonsa ba.

Shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai masana'antu tun shekarun 1970, sai an shiga makarantar gaba da sakandare ake cin moriyarsa, lokacin da zaɓi ya riga ya wuce. Wanda ya fi buƙatar ganin wurin aiki shi ne ɗan ƙaramar sakandare, kafin ya yanke shawarar ko zai nemi ɗaya daga kwalejojin fasaha na jiha da ke Agidingbi, Ikotun, Ado-Soba, Ikorodu da Epe, waɗanda iyaye da yawa a unguwanninmu ba su ma san da zamansu ba. Batun cunkoso da tsaron yara a hanya uzuri ne maras ƙarfi daga makarantun da ke iya hayar bas don yawon shaƙatawa a ƙarshen zango.

Sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwanni sun san masu gidan kowace sana'a, kuma maganarsu tana da nauyi. Su zauna da masu makarantu a ware yini ɗaya a kowane zango, a raba yara rukuni-rukuni, maza da mata, kowane rukuni da malaminsa, a kai su wurin masu aiki na gaskiya. Kuɗin da iyaye ke kashewa a ɗinkin kayan biki ya isa biyan motar.