Mutum ɗaya, yara dubu biyu, ɗaki ba ƙofa

Tun ranar Asabar da muka tashi daga taron iyayen yara raina yake tafasa, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, gara in fito in faɗa kowa ya ji.

Ni tela ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, shekara ashirin da ɗoriya ina kan keke. Bokona bai wuce firamare ba, amma 'ya'yana uku suna lise, wato sakandare, ta gwamnati, kuma duk shekara ina biyan kuɗin ƙungiyar iyaye, ban taɓa bari an kori ɗana a kansa ba. Saboda haka ina da bakin magana. A taron nan na miƙe na roƙi abu guda: a cire wani abu daga kuɗin da muka tara a sa wa ɗakin konseye ƙofa da fanka. Konseye, ga wanda bai sani ba, shi ne malamin da gwamnati ta horar don ya saurari yara, ya ba su shawara a kan karatu da rayuwa, ya nuna musu hanyar da ta dace da kowa. Ban rufe baki ba wani dattijo ya ce, "Wai shi konseyen nan me yake yi? Ba ya koyar da lissafi, ba ya ba da maki, albashin banza kawai yake ci." Aka yi dariya. Aka wuce maganata, aka amince a sake yi wa ƙofar shiga makaranta fenti.

Fenti! Wallahi da na ji haka sai da hannuna ya yi rawa.

To bari in gaya wa Alhajin nan da ya yi tambayar abin da konseye yake yi, tun da a gidana aka yi shi. Bara waccan babban ɗana yana ajin da ake rubuta BEPC, jarrabawar gama kashin farko na sakandare. Da yamma yakan karɓi babur ɗin wani maƙwabci ya ɗan yi kilando, wato ɗaukar fasinja, ni kuma ina jin daɗi, ina cewa yaro ya san neman na kansa. Ashe a tashar masu babur ya koyi shan tiramol. Ni da muke kwana gida ɗaya ban gane ba. Uwarsa ta ga yana ramewa, ta ce ko ciwon shawara ne, aka jiƙa masa magani. Malaman aji suna ganin yaro yana gyangyaɗi, sai su ce malalaci ne su kore shi waje, kuma ban ga laifinsu sosai ba, mutumin da ke gaban yara ɗari da 'yan kai ina zai ga idon ɗaya? Wanda ya gane shi ne konseye. Ya lura makin yaron ya zube cikin wata uku, ya kira shi, ya zauna da shi sau huɗu kafin yaron ya buɗe baki. Sannan ya aiko mini da takarda.

Ranar da na je ba zan manta da ita ba. Na rufe shago na isa ƙarfe bakwai da rabi. Na tarar da shi a bakin ƙofa riƙe da littafi yana rubuta sunayen waɗanda suka makara, saboda mai wannan aikin bai zo ba. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka ɗan zauna." Ya gama wannan, aka tura shi ya tsare wani aji da malaminsu ya yi tafiya. Ya fito, aka kira shi ofis ya taya cike takardun maki. Daga can aka kawo masa yara biyu da suka fasa wa juna baki. Ina zaune a ƙarƙashin dalbejiya, watan Afrilu ne, kowa ya san Garwa a Afrilu, zafi ya haura digiri 40, har aka kira azahar. Sai bayan salla ya samu kaina, leɓensa a bushe, ko ruwa bai sha ba.

Ɗakin da ya kai ni kuwa, kusurwa ce ta sito. Karyayyun bencina a jibge har sama, tebur ɗaya, kujera biyu, ƙofa babu, sai wani tsohon labule. Muna maganar ɗana yana shan ƙwaya, yara suna wucewa suna leƙe. Dole muka riƙa raɗa kamar ɓarayi. Ni namiji, babba, kunya ta kama ni. To ina ga yarinya 'yar shekara 14 da ta zo ta faɗi cewa wani babba yana tare ta a hanya, ko an sa mata ranar aure ba ta so, ko ta yi wata biyu ba ta ga al'adarta ba? A bayan labule za ta faɗi wannan? Aikin nan gaba ɗayansa sirri ne. Ka hana shi ƙofa, ka hana shi aikin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bai yi wa ɗana tsawa ba, ni ma ya hana ni. Ya ce, "Baba, in ka doke shi yau, gobe ba zai sake gaya wa kowa komai ba." Ya haɗa mu da asibiti, ya sa aka raba yaron da babur, ya riƙa kiran wayata da kuɗin katinsa yana tambaya. Yaron ya faɗi BEPC a shekarar, ya maimaita, ya ci. Yanzu yana makarantar koyon sana'a yana karatun wutar lantarki, kuma konseyen ne ya ce a kai shi can, domin ya ga hannunsa ya fi kansa son aiki. Wannan shi ne albashin banzan da Alhaji yake magana.

Kuma ba alfarma ake yi mana ba. Dokar ilimi ta ƙasar nan, ta 14 ga Afrilu 1998, ta faɗa ƙarara cewa shawara da kula da tunanin yaro abu ne da za a yi masa tsawon karatunsa, a kowane mataki. Gwamnati ce ta buɗe sashen horar da su a manyan makarantun horon malamai, har da ta Marwa da aka kafa a 2008, suna fitowa da takardar da ake kira DIPCO. Mutum ya gama jami'a, ya ci gasar shiga, ya ƙara shekaru yana koyon halayyar yara, sannan a kawo shi a mai da shi mai gadin ƙofa da ɗan aike. Duk shekara a watan Oktoba a yi bikin ranar ba da shawara a makarantu, a kafa rumfa, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Washegari a mai da shi sito.

A makarantar 'ya'yana yara sun haura dubu biyu, konseye ɗaya. Ku yi lissafin da kanku, ni tela ne amma na iya wannan: ko da bai yi komai ba sai sauraro, yaro goma a rana, ba zai zagaye su sau ɗaya ba kafin shekarar karatu ta ƙare. Ga shi an ɗora masa shiga azuzuwa yana faɗakarwa, ga rahoton da zai rubuta, ga iyaye, ga zaman ladabtarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu Hausawa mun san haka tun kakanni, amma sai mu sa mutum ya ɗauka, in ta faɗi mu ce rago ne.

Kuma wane irin yara ne a arewacin nan? Akwai waɗanda iyayensu suka gudo daga Kolofata da Mora da Fotokol saboda Boko Haram, yaron da ya ga an yanka mutum a gabansa, yana zaune a aji shiru, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Akwai waɗanda ambaliyar 2024 ta cinye musu gida a Yagwa. Akwai masu zuwa da ciki wayam tun safe har la'asar. Akwai waɗanda takardar haihuwarsu ke da matsala, ba a sani ba sai jarrabawa ta matso, a fara gudun kotu. Akwai 'yan mata da ake cirewa a tsakiyar shekara. A 2022 ma'aikatar ilimin sakandare ta fitar da umarni cewa a daina korar yarinya don ta yi ciki, a bar ta ta ci gaba da karatu. Madalla. Amma wa zai zauna da ita, wa zai lallashi ubanta, wa zai hana 'yan aji cinye ta da baki? Takarda ba ta yin wannan, mutum ne yake yi, kuma mutumin ɗaya ne tal.

A Janairun 2020 da wani ɗalibi ya daɓa wa malamin lissafi wuƙa ya kashe shi a Nkolbisson, can Yawunde, ƙasa duka ta ɗauka, kowa yana cewa tarbiyya ta lalace, a sa ido, a caje jakunkuna. Cajen jaka yana kama wuƙa, amma ba ya kama abin da ya sa yaro ɗauko ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai ganin tsagar tun tana siririya shi ne wanda muka jefa a sito.

Sai maganar zaɓen hanya, wadda iyaye irina ba mu san komai a kanta ba. Yaro ya ci BEPC, za a ce ya shiga sashen A na adabi ko C na kimiyya, ko ya tafi fasaha. Wannan zaɓin na rana ɗaya shi zai bi shi har Probatuwar, har Bakaloriya, jarrabawoyin ƙarshen sakandare, har abin da zai ci da shi. Ni ina na san bambancinsu? Ina na san cewa akwai gasannin shiga aiki masu iyakar shekaru, in yaro ya wuce shi ke nan? Yara nawa ne a unguwarmu suka san a nan Garwa akwai makarantar koyon kula da namun daji da ake zuwa daga ƙasashen Afirka, ko suka san abin da ake karantawa a jami'ar Ngaundere, ko a sabuwar jami'ar Garwa da aka kafa a 2022? Ɗan ma'aikaci yana da uba da kawu da za su nuna masa. Ɗan tela, ɗan mahauci, 'yar mai ƙosai, konseye kaɗai gare su. In an wulaƙanta shi, 'ya'yan talakawa aka wulaƙanta, ba wasu ba.

Yanzu albashin. Ban taɓa ganin takardar albashinsa ba, amma na ga rigarsa, kuma tela yana karanta aljihun mutum a wuyan riga. Wata rana ya zo shagona da magariba, ya ciro riga daga leda yana sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ko za a iya juya wuyan nan?" Wuyan ya cinye har zare ya fito. Mutum mai digiri, mai mata da 'ya'ya biyu. A nan ya gaya mini cewa da ya fara aiki kashi biyu cikin uku na albashi aka riƙa ba shi, sauran sai dosiyensa, wato takardunsa na ɗaukar aiki, ya fito, kuma dosiyen yana can babban birni shekara da shekaru. Ya bi shi har sau biyu, mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare, kwana a gidan 'yan uwa, duk da bashi, ya dawo hannu rabbana. Malamin lissafi ko na kimiyya yana iya yin darasin yamma a gidajen masu hali ya rufa wa kansa asiri. Shi konseye me zai sayar? Sauraro?

Kuma ba labarinsa ne shi kaɗai ba. Wannan kashi biyu cikin ukun, da bashin ƙarin girma, da kuɗin gida da ba a biya, su ne suka sa malamai suka ajiye alli a Fabrairun 2022, yajin nan na OTS, wato sun ce haƙurinsu ya ƙare. Mu mutanen Arewa ba mu manta da Malam Hamidou ba, malamin wasanni a Beka, nan Faro, wanda ya yi shekara goma yana aiki ba albashi, ya rasu a watan Maris na shekarar. Allah ya jiƙansa. An yi ƙarin kashi 5.2 cikin ɗari a 2023, an ƙara kashi 5 a 2024, amma a daidai lokacin litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, ta kuma haye 840. Da mai ya tashi, buhun masara ya bi shi, kuɗin babur ya bi shi, haya ta bi shi. Dattawan ma'aikata har yau suna maganar yadda aka zaftare albashi sau biyu a 1993, aka karya darajar sefa a Janairun 1994. Ciwon tsoho ne, ba a taɓa yi masa magani na gaskiya ba.

Ka ɗauki mutumin da mai gidan haya ya yi wa rashin mutunci da safe, wanda ɗansa ke kwance da zazzaɓi ba kuɗin magani, ka ce ya zauna ya kwantar wa yara dubu biyu hankali. Shi wa zai kwantar masa da nasa? Da mu iyaye ma muna taya shi da mutunci, da sauƙi. Amma sai mu taru mu yi masa dariya a gaban shugabannin makaranta.

Abin da ban samu damar faɗa a taron ba, domin an hana ni ƙarasawa, shi ne konseyen ya riga ya nemi a canza masa wurin aiki, kuma an ba shi. Ƙarshen wannan zangon zai tafi. Na tambaya ko an turo wani, aka ce mini a jira. 'Yata ta biyu bana take rubuta BEPC, kanta yana ja ƙwarai, tana so ta zama likita, kuma jiya da dare ta tambaye ni wane sashe za ta zaɓa. Na dube ta na rasa abin cewa.

Na je wajen kafinta a unguwarmu ya yi mini lissafin ƙofa da makulli da kuɗin aiki, takardar tana aljihuna. Taro mai zuwa zan tashi da ita a hannu, in karanta da ƙarfi, in ajiye nawa kason a kan tebur, in ga wanda zai sake yin dariya. Shugabannin makaranta kuma su gaya mana a gaban kowa ranar da sabon konseye zai iso, da dalilin da ya sa ake tura shi gadin ƙofa alhali yara suna layi a bakin labulensa.