Ɗanyar fulawa a firizar mai ƙanƙara

Don girman Allah ku daina turo man bidiyon dinar nan ta ranar Asabar, na gani, na gani ya fi sau talatin, har wanda aka sa ma kiɗan tausayi na gani.

Ni dai shekarata 6 ina kwalliyar wurin biki da fulawar roba kuma ba wanda ya taɓa kuka da ni. Roba ba ruwanta da rana, in an tashi ka kaɗe ƙura ka wanke da Omo ka cusa cikin buhu sai wani bikin. Sai ga ɗiyar Yaya, ita ce amaryar, ta zo man da waya tana nuna hotunan Instagram, ita sai ɗanyar fulawa mai ƙamshi, ta riƙewa a hannu da ta kan tebur. A Sakkwato, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ko ƙadangare gudun rana yake. Na buɗe baki na ce Anti za ta iya.

Na yi oda daga Jos tunda can ne sanyi ke barin wardi ya yi kyau, kara 200, fari da ja, haɗe da ƙananan fararen nan masu kama da hazo da ake cike gurbi da su. Direba ya ji an ce fulawa ce a kwalin, bawan Allah ya ɗauka ta cincin ce, ya aza mata buhun dankalin turawa biyu, a haka suka biyo Zariya, Funtuwa, Gusau har Talatar Mafara. Da na yi mai magana a tasha cewa ya yi "Hajiya ai hulawa ba ta hwashewa."

Duk da haka fiye da rabi sun tsira. Na yi duk abin da YouTube ya koya man, na yanke karan a karkace, na cire ganyen ƙasa don kar ya ruɓe a ruwa, na sa sukari da ɗigon Hypo a bokiti, koren soson nan da ake cake kara a ciki na bar shi ya nutse da kanshi ban danna ba. Na haɗa na tebur 15, na haɗa damin amarya na ɗaure da farin ribon. Wallahi ya yi kyau, ni kaina sai da na ɗauki hoto da shi kamar ni za a kai. Ƙarfe tara na daren Juma'a aka ɗauke wuta, kamar da gayya. Na tebur na jera su gindin randa na lulluɓe da jiƙaƙƙen zane, na amarya kuwa na ruga gidan maƙwabciyata mai ƙanƙara, ita ce mai sola, na tura shi can ƙasan firiza tsakanin zoɓo da kunun aya da wata leda da ban tsaya tambayar mi ke ciki ba. A tunanina sanyi dai sanyi ne. Sai ranar Lahadi nake jin wai fure sanyin firji yake so, digiri 2 zuwa 4, in ya daskare ruwan cikinshi ke fasa shi, yana narkewa ya mutu. Ba wanda ya faɗi haka a YouTube ɗin, ko kuma an faɗa a ƙarshe ni ban kai ƙarshen ba.

Da na ciro shi da yamma yana ƙyalli kamar gilashi, tauri kamar dutse, na ce alhamdulillahi. Na sa a kula na kai hol, na miƙa ma amarya a bakin ƙofa, ta ce "Anti akwai sanyi" na ce ai haka na Turai yake. Sai abokan ango suka shanya mu minti 40, kun dai san ko su wa ye.

To an shigo. Ana kiɗa, amarya na tafe a hankali, ni ina bayan ƙawaye ina murmushin wadda ta gama aiki. Fure na farko na ga ya sunkuyar da kai. Na ce ƙila nauyi ne. Na biyu ya bi shi. Kafin su kai tsakiyar hol fararen sun koma kalar shayin da ba madara, jajayen sun yi baƙi, duk sun langaɓe sun kwanta a hannunta, ruwa na ɗiga a gaban farar riga, ɗis, ɗis, yana barin layi. Yarinyar ga ta ɗaga shi sama kaɗan don ta ceci riga, sai ruwan ya bi hannunta ya gangara har gwiwar hannu kan lallen da aka kwana ana yi. A lokacin ne kuma mai gabatarwa, wanda ni da kaina na ba dubu biyu don ya tallata ni, ya ce a tsaida kiɗa, a tafa ma gwanar gwanaye, wadda ta kawo ma Sakkwato ɗanyen fure tun daga Filato, ta fito a gan ta. Ya kira sunana. Ya maimaita. Ya faɗi sunan shafina harafi-harafi. Na fito, ƙafafuna kamar na aro, mai kyamara ya haske ni ya haske furen ya sake haske ni, ina tsaye ina ta gyara mayafi ba abin da ya same shi. Na miƙa hannu wai in ɗan tada kan guda ɗaya, sai ya tsinke ya biyo hannuna. Na tsaya riƙe da shi. Ban san in yar ba ko in sa a jaka. Na sa a jaka.

Sai Gwaggo. Makirufo na kusa da bakinta don ita za ta yi nasiha bayan nan, ta leƙa ta ce "Mi an nan? Yakuwa ta aka jiƙa?" ta shinshina ta ƙara da "Wanga abu ƙarnin kihi shikai." Ashe ledar nan kifi ce. Hol ya ɗauka gaba ɗaya, har ango sai da ya duƙe.

Ita Gwaggo ai ba tun yau ba. Tun adashen da ya watse take riƙe da ni, alhali ba ni na ci kuɗin ba kuma ta san wadda ta ci, suna zaune tebur ɗaya ma ranar suna raba kaza. Gwaggon da a bikin bara ta kwashe man fulawar roba guda uku ta ce ta ɗauka rabo ake, yanzu haka suna kan talabijin ɗinta a Mabera, in na je gaisuwa ina kallonsu suna kallona. Kuma ranar Asabar ɗin ma da idona na ga ta tura na tebur ɗaya cikin leda, da soson da komi, yana zubar da ruwa har bakin mota. Abin da ka ce yakuwa ne mi za ka yi da shi? Na gaya ma Inna ta ce in yi haƙuri babba ce. Kullum babba ce.

Na tebur dai ba laifi sun kai ƙarshen taro a tsaye, amma ba wanda ya ɗauke su a bidiyo. Sauran da na kwaso jar akuyar gidanmu ta cinye da safe har ribon. Rigar amarya tana wurin mai wanki, Yaya ba ta ɗaga wayata ba tukun. Maƙwabciyata kuma ta aiko yaro wai kuɗin ajiya naira 500, kuma kunun ayarta na warin turare. Wanda ya tafi da kulata mai shuɗin murfi don Allah ya maido, ta aro ce.