Ku Daina Fakewa da Ƙaddara, Sakaci Ke Cinye Gonakinmu

Wallahi na gaji da jin "ai ƙaddara ce" duk sanda gona ta ƙone. Mutum zai tara kara da yayi, ya kyasta ashana da tsakar rana, iska na kaɗawa, ciyawa ta bushe ƙayau, sannan ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. Haba jama'a! Wuta ta san iyakar gonarka ne? Tartsatsi ɗaya iska za ta sura ta jefa cikin amfanin maƙwabci, kafin ka ce kwabo wahalar shekara guda ta zama toka. Mai gonar na tsaye da reshen ganye a hannu yana dukan wutar da ta fi shi tsawo, wanda ya cinna ta kuwa sai gobe zai zo jaje.

Me zai rage ka da shi in ka kankare gefen gonar da fartanya, ka bar ƙasa fili inda wuta ba za ta sami abin ci ba? Ka jira iska ta kwanta, ka sanar da maƙwabta, ka tsaya har garwashin ƙarshe ya mutu. Wannan ma sai an roƙe ka?

Ɗakin ajiya kuma abin ya fi ban takaici. Jarkar fetur a nan, buhunan taki a gefenta, harawa a jibge har rufi. Takin amoniyam naitiret yana ƙara wa wuta ƙarfi, kuma irinsa ne, tan 2,750, ya tarwatsa tashar jiragen ruwa ta Berut, babban birnin Lebanon, a 2020, mutum sama da 200 suka mutu. Ita harawa ma, in aka jibge ta da danshi, damshin ya haura kashi 20 cikin 100, da kanta take ɗaukar zafi daga ciki har ta kama, babu ashana babu sigari. Soka ƙarfe cikin tsakiyarta, ka bar shi ya jima, ka zaro. In hannunka ya kasa riƙe shi, to akwai matsala. Sannan ga masu zuba wa injin ban ruwa fetur alhali yana da zafi, in ya kama su watsa masa ruwa, wutar fetur kuwa ruwa yaɗa ta yake yi. Yashi ake so, amma gona nawa ce ke da ko bokiti ɗaya?

Hukuma ma ba ta fita ba. Ka kira 'yan kwana-kwana, waya ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. In an yi sa'a sun taso, ko hanya ta gagare su, ko su iso tanki rabi. Malaman gona za su cika maka kunne da iri da maganin feshi, amma ban taɓa jin ɗayansu ya tara manoma ya koya musu yadda ake tare wuta ba. Wanda ya ƙona gonar wani kuwa a sa shi ya biya, buhu da buhu, a daina wannan "a yi haƙuri".