Kunya ce ke sa direban tasi ya cinye mu a ƙasar waje

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a wurin mutanenmu masu fita waje, 'yan Umara ne, 'yan kasuwa ne, masu neman magani ne ko masu kai yara karatu. Mutumin da a Kantin Kwari zai shafe rabin sa'a yana ja-in-ja a kan turmin atamfa guda, a ce masa albarka ya juya ya kama hanya sai an kirawo shi, shi ne dai zai sauka a filin jirgin Jidda ko na Alkahira, wani ya tare shi da "Ya Hajj, tasi?", ya miƙa masa jaka bai ko tambayi nawa ba. Sai an isa masauki, kaya na kulle a but, sannan a yanka masa kuɗin da ya ninka na gaskiya sau uku, ya biya yana Allah ya isa a zuci. Ya dawo gida yana ba da labari wai mutanen ƙasa kaza macuta ne.

Ni dai a nawa ganin rashin sanin gari ba shi ne babban abin da ke kayar da mu ba. Kunya ce. Muna jin nauyin tambayar farashi kada a ce mu matsiyata ne. Muna jin nauyin ce wa mutum a'a bayan ya riga ya ɗauki jakarmu. In kuwa ya yi mana sallama, ya ce Najeriya ƙasa mai albarka, ya ambaci Kano ko ya jefo kalmar Hausa ɗaya da ya tsinta a bakin alhazai, shi ke nan, mun saki jiki, mun samu ɗan'uwa Musulmi. Shi kuwa sana'arsa ke nan. A rana yana ganin ɗaruruwan fuskoki suna fitowa daga ƙofar nan, ya san wanda ya gaji, ya san wanda ba shi da layin waya, ya san wanda ke tafe da tsohuwa a keken guragu kuma ba zai iya tsayawa jayayya ba.

Saudiyya ce inda abin ya fi shafar mu. Daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda zuwa Makka tafiyar kusan kilomita 100 ce. Mutum ya sauko da harami a jiki, ya kwana a jirgi, zuciyarsa duk tana wurin Ka'aba, kuma an sha yi masa wa'azi cewa mai harami ba ya jayayya. To a wannan halin ne masu ɗaukar fasinja ba da lasisi ba suke tarar mutane tun daga cikin zauren fitowa. Hukumomin Saudiyya sun haramta wannan ɗauka, suna kuma cin tarar wanda aka kama, amma ba su ƙare ba. Direban da ke da izini yana waje a layin tasi cikin motarsa, ko kuma yana cikin manhajar kiran mota ta waya yana jiran a kira shi. Duk wanda ya biyo ka ciki yana maka raɗa, to akwai dalilin da ya hana shi tsayawa a layi. Kuma tambayar farashi ba ta ɓata harami, babu malamin da ya ce haka.

Dabarar da aka fi yi wa 'yan Umara ma ba ta da wani zurfi. A ce maka riyal ɗari biyu, ku huɗu ku shiga, a isa a ce ai kowane kai ɗari biyu ake nufi. Ko a ce an rufe hanyar otal ɗinku, a sauke ku da nisa da kaya niƙi-niƙi. Gaskiya ne ana rufe hanyoyin kusa da Harami lokutan salla, musamman a Ramadan, shi ya sa ƙaryar take shiga. Haka nan wajen ziyara: an yi ciniki za a kai ku Ƙuba, Ƙiblataini da Uhudu a Madina, sai ga ku a shagon dabino da ba ku tambaya ba, ana ba ku ɗanɗano, direba na gefe yana jiran la'adarsa. A cikin farashin ajwar da za ku saya aka zuba kason nasa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yawan waɗanda ba su san da jirgin ƙasa na Haramain ba, alhali tun 2018 yake aiki. Layi ne na kimanin kilomita 450 daga Makka zuwa Madina, yana bi ta Jidda, yana da tasha a sabon ginin filin jirgin, yana gudun da ya kai kilomita 300 a sa'a, kuɗin tikiti kuma a rubuce yake, babu taya babu albarka. Yana da nasa cikas, ban ɓoye ba: akwai ƙa'idar yawan kaya, mu kuwa kun san mu da jakunkuna, tashar Makka ba a bakin Harami take ba sai an ƙara hawa mota, sannan ba duk jiragen da ke tasowa daga wurinmu ne ke sauka a sabon ginin ba. Amma ko ba ka hau ba, sanin kuɗin tikitinsa kaɗai ya ishe ka awo. In wani ya kira maka kuɗin da ya fi na jirgin ƙasa na mutum shida, ka san inda aka dosa.

Sai maganar da ba kowa ke son a yi ba. Wani lokaci wanda ya haɗa ka da direban naka ne, mai jin Hausa, wanda ya tare ka da "Alhaji sannu da hanya, ina ne masauki?" Akwai Hausawa mazauna Makka da Madina da Jidda da suka gaji zama can tun kaka da kakanni, mutanen kirki masu taimakon baƙi don Allah, kuma su ne mafi yawa. Amma jin Hausa a bakin mutum ba shaidar amana ba ce. Ɗan kamasho ɗan kamasho ne ko da wane harshe ya yi maka magana, kuma cutar da aka yi maka da yarenka ta fi saurin shiga, don ba za ka iya kallon idonsa ka ce "Malam, nawa ne tukuna?" ba.

Alkahira kuma nata salon daban. Tun 2009 aka fara shigo da fararen tasi masu mita don maye gurbin tsofaffin baƙaƙe da fari, amma mitar tana yawan "lalacewa" da zarar baƙo ya zauna. Akwai kuma wasan da ake yi da sunan kuɗi. Kuɗin Masar fam ne, na Ingila ma fam ne. A yi ciniki a kan hamsin, a isa a ce ai na Ingila ake nufi, ko dala. Tun da aka saki darajar kuɗin Masar a watan Maris na 2024, dala ɗaya ta koma kusan fam 50, don haka wanda ya yarda da wannan rainin hankali ya biya kuɗin tafiya kusan hamsin a tafiya ɗaya. Maganinsa sauƙi gare shi: ka rubuta lambar a wayarka, ka nuna masa, ka ce junaihi na Masar (sunan fam ɗinsu ke nan da Larabci), na mota gaba ɗaya, har da kaya. In ya gyaɗa kai sannan jaka ta shiga but.

Masu zuwa kallon dalar Giza su ma suna da tasu. Direba zai ce ƙofar shiga a rufe take yau, ko mota ba ta isa wurin, ya sauke ka a wurin masu hayar raƙuma da dawakai. Ko ya ce bari ya nuna maka gidan tarihi na gwamnati, ka tsinci kanka a shagon turare. Wanda ya zo da mara lafiya ba ruwansa da Giza, amma shi ma yana da tasa jarrabawar, domin kullum yana zirga-zirga tsakanin masauki da asibiti, kuma direban da ya gane haka sai ya maƙale masa ya zama "direbanmu". Ba laifi ba ne a riƙe direba ɗaya, sau da yawa ma rahama ce. Sai dai a riƙa leƙa Uber ko inDrive lokaci zuwa lokaci a ga nawa tafiyar take, kada sabo ya zama haraji. Wani abin da ya taimake mu a can: lambobin motocin Masar da alƙaluman Larabci ake rubuta su, irin waɗanda muka saba gani a shafukan Alƙur'ani, saboda haka duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya zai iya tantance motar da manhaja ta turo masa, abin da Bature ke fama da shi.

Istanbul ce na fi jin 'yan kasuwarmu na kuka da ita, kuma akwai dalili. Birni ne mai mutum sama da miliyan 15, amma an shafe shekara da shekaru a baya adadin lambobin tasi bai wuce kimanin dubu 18 ba. Mota ta yi kaɗan, fasinja ya yi yawa, sai direba ya zama shi ke zaɓe. Su kansu Turkawa suna ƙorafi a kan direbobin da ke ƙin ɗaukar ɗan gari don jiran baƙo. Sabon filin jirgin da aka koma a 2019 kuma yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, wato akwai isasshen fili na zagaye da mutum. Sanannen wasansu shi ne musanyar takarda: ka miƙa lira 50, kafin ƙiftawar ido ta zama 5 a hannunsa, yana nuna maka cikin ladabi cewa ka yi kuskure. Kai kuma da ba ka saba da launin kuɗin ba sai ka fara zargin kanka, har ka ba shi haƙuri. Shi ya sa nake ganin duk takardar da za ka miƙa, ka ɗaga ta ka faɗi adadinta da baki kafin ka sake ta. In da kati za ka biya, ka karanta abin da aka danna a na'ura kafin ka manna, sifili ɗaya ba ya da wuyar ƙaruwa.

A nan kuma dole a yi adalci. Kuɗin gada ko na babbar hanya da direban Istanbul zai ƙara maka a kan mita halal ne, fasinja ke biya, kamar yadda ake ƙara kuɗin Salik, wato kuɗin bin manyan hanyoyi, a Dubai. Tsadar mota a Makka a goman ƙarshe ta Ramadan ma ba zamba ba ce, kasuwa ce ta tashi. Na ga mutanenmu suna tada jijiyar wuya a kan irin wannan, sannan su yi shiru a inda ake cutarsu da gaske. Wanda kuma ba ya son duk wannan ciwon kai, akwai bas-bas na Havaist daga filin jirgin Istanbul zuwa cikin gari, akwai kuma layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 da aka buɗe a 2023.

Delhi da Guangzhou ba zan daɗe a kansu ba. A Delhi ƙaryar da ta shahara ita ce otal ɗinka ya rufe ko an toshe unguwar, a kai ka wani ofishin yawon buɗe ido na bogi su sama maka wani masaukin mai tsada. Ka kira otal ɗin da wayarka, ba da wayar direba ba. Akwai kuma rumfar biyan kuɗin tasi tun a filin jirgi, a ba ka rasit, kada ka miƙa wa direba rasit ɗin sai kun isa. A Guangzhou jabun takardar yuwan 100 ake musanya maka da taka ta gaske a ce ba ta da kyau, ko da yake biyan kuɗi ta waya ya rage abin sosai.

Wasu za su ce ai manhaja ta gama magana. Ta rage, ba ta gama ba. Direba zai karɓi kiranka, ya bugo ya ce kuɗin ya yi kaɗan sai ka ƙara, ko ya ce ka soke tafiyar ku yi ta bayan fage. Da ka soke, babu sunansa, babu lambarsa, babu wanda ya san kana motarsa. Ga mata masu tafiya su kaɗai wannan ya wuce maganar kuɗi. Hajiya, in ya ce ki soke, shi ya soke, ki kira wani. Manhajar kuma ba ta aiki sai da data, don haka layin waya shi ne sayayyar farko a filin jirgi, kafin shayi, kafin hoto. A sauke taswirar garin a waya tun daga gida, a rubuta sunan otal da harshen ƙasar, a nemi ƙananan takardun kuɗi, don "babu canji" ita ce damfarar da ta fi kowace tsufa.

In rigima ta riga ta tashi, kada a yi ta a cikin mota ko a lungu. A fito tukuna, a sauke kaya tukuna, a tsaya a ƙofar otal inda ma'aikaci zai ji. A ɗauki hoton lambar motar yana gani. Yawancinsu da sun ga haka murya take sauka, domin lasisinsa ya fi masa abin da zai ci a kanka. Amma in dare ne, wurin babu kowa, mutumin kuma ya fara zafi, a ba shi a rabu lafiya, a kai ƙara da safe in ana so.

Waɗanda na fi ganin laifinsu a duk wannan su ne kamfanonin shirya tafiya. Mutum ya biya miliyoyi, an yi masa biza da tikiti da masauki, an tara su an yi bita a kan ɗawafi da sa'ayi, amma babu wanda ya ɗauki minti biyar ya ce masa daga filin jirgi zuwa otal kuɗin mota kusan kaza ne, ga inda layin tasi yake, ga lambar da zai kira in an sauke shi a inda bai sani ba. Tsoho ɗan shekara saba'in da bai taɓa wuce Kaduna ba, a sake shi a Jidda da tsakar dare da takarda ɗaya a hannu. Duk mai shirin biyan kuɗin kujerar Umara bana, don kansa ko don iyayensa, ya tambayi kamfanin tun yanzu wa zai tare su a filin jirgi, da wace mota, kuma kuɗinta na cikin abin da aka biya ko a'a, a rubuta masa amsar a takarda.