Farin Farantin Arita da Wuyan Rigar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya barci ya ƙaurace mini, kuma wani ɗan bidiyo ne sanadi.

Na kalli yadda ake yin tangaran a gidan Sakaida Kakiemon da ke garin Arita, a tsibirin Kiyushu na ƙasar Japan. Kakansu na farko ne ya shahara da zana jan launi a kan tangaran tun shekarun 1640. Suna da wani irin fari mai kama da madara, sunansa nigoshide. Yana yawan tsagewa a wuta, har aka daina yin sa, ilimin haɗinsa ya ɓace kusan shekara 200. Kakiemon na 12 da ɗansa na 13 suka duƙufa kan tsofaffin takardun gidansu, suna ta gwaji, har suka dawo da shi a 1953. Na 14, wanda ya rasu a 2013, gwamnati ta sa shi cikin gwanayen da ƙasa ke alfahari da su a 2001.

Abin da ya taɓa ni shi ne zanen nasu: ɗan tsuntsu da reshe a gefe guda, sauran farantin fari fat. Aibi ba shi da wurin ɓuya.

Ni tela ne. Ana gobe Sallah na yanka shaddar wani dattijo, wuyan ya karkace, sai na lulluɓe wurin da aiki. Ya biya ni cif, ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana." Wallahi har yau addu'ar nan ƙona ni take yi.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, kada ka kau da kai. Kai birkila da ke rage siminti don fenti zai rufe. Kai bakanike da ka wanke tsohon kaya ka ce sabo ne. Ke da kike jera manyan tumatir a sama, ruɓaɓɓu a ƙasan kwando. Hadisin ha'inci dukkanmu mun haddace shi, sahun farko ma ba ya wuce mu, to ina amfanin haddar ya tsaya? Mai kaya bai gani ba, Wanda zai tambaye mu fa?

Ina ƙaunarku ne shi ya sa na faɗa, da kaina na fara. Yau bayan La'asar zan je gidan Baba in karɓo rigar, in gaya masa gaskiya.

Don Allah, wanda ya san akwai abin da ya rufe wa wani, ya kira shi yau. Yau ɗin nan, don Allah.