Warrior: uban da ya tuba da 'ya'yan da ba su manta ba

Jama'a, wanda bai kalli Warrior ba kuma ba ya son a ɓata masa labari, ya tsaya nan, domin zan faɗi har ƙarshensa.

Fim ne na Amurka da ya fito a 2011, Gavin O'Connor ya ba da umarni. Mafi yawan waɗanda suka kalle shi a wajenmu faɗan ne ya ja su, wato wasan MMA da ake haɗa dambe da kokawa da shuri da shaƙa a cikin keji. Faɗan ya yi kyau, ban musa ba. Amma abin da ya hana ni sakat bayan na gama kallo shi ne tsohon nan Paddy Conlon, da tambayar da muke kauce mata a gidajenmu: idan uba ya shekara da shekaru yana gana wa iyalinsa azaba, daga baya ya shiryu, dole ne 'ya'yansa su buɗe masa ƙofa?

Paddy, wanda Nick Nolte ya fito a matsayinsa, tsohon soja ne a birnin Pittsburgh, mashayin giya da ke jibgar matarsa. Yana da 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin, Tommy, gwanin kokawa ne tun yana yaro, kuma uban ne da kansa ya horar da shi. Da abin ya kai intaha, uwar ta gudu da Tommy. Babban, Brendan, ya ƙi binsu saboda yarinyar da yake so, Tess, wadda daga baya ya aura. Uwar ta rasu a can cikin jinya da talauci, Tommy ne kaɗai a kanta. Bayan shekara 14 ya dawo daga yaƙin Iraki, ya ma daina amsa sunan mahaifinsa, yana amfani da Riordan, sunan gidan su mahaifiyarsa. Ya tarar da uban ya kusa cika kwana 1,000 bai kurɓi giya ba, yana zuwa coci, yana zaune shi kaɗai da hotunan iyalin da suka watse.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a nuna mana dukan ko sau ɗaya ba. Babu wurin da aka koma baya muka ga mari ko ihu. Tsoho kawai muke gani, mai rawar murya, mai ladabi, yana roƙo. Duk wanda ya tarar da shi a haka zai ce wannan bawan Allah me ya yi da 'ya'yansa suke wulaƙanta shi? To, haka abin yake a zahiri. Mutanen unguwa dattijo suke gani a sahun farko. Abin da ya faru a tsakar gida shekara talatin da suka wuce, uwar da yaran ne kaɗai suka sani. Fim ɗin ya ajiye mai kallo a matsayin maƙwabci, sannan ya bar shi ya karanto zaluncin a jikin 'ya'yan: yadda Tom Hardy, wanda ya fito a matsayin Tommy, ke tafiya a duƙe, wuya a noƙe, ba ya haɗa ido da kowa, da yadda yake ficewa daga keji da zarar ya kayar da abokin karawa ba tare da ya jira alƙali ya ɗaga hannunsa ba. Mutum ne da nasara ba ta yi masa daɗin komai.

Akwai wurin da Paddy ya tuƙa mota har Philadelphia, ya tsaya a ƙofar gidan Brendan da dare. Brendan malamin kimiyya ne a sakandare, banki na shirin ƙwace gidansa saboda bashin da ya ci don a yi wa 'yarsa aikin zuciya. Uban ya zo da labarin ya daina sha, yana son ganin jikokinsa. Brendan ya nuna masa ya yafe, amma bai yarda da shi ba, kuma bai bar shi ya shiga ba. Tsohon ya hango jikokin daga bakin ƙofa, aka rufe.

Ni ina bayan Brendan a nan ɗari bisa ɗari, kuma na san da yawa za su ce na yi tsauri. A wajenmu an cakuɗa yafiya da amana har ba a bambance su. Da zarar ɗa ya ce ya yafe, sai a ce to ya kawo matarsa da 'ya'yansa, komai ya koma kamar ba a yi ba. Idan ya ja baya, a ce bai yafe da zuciya ɗaya ba, a fara yi masa barazana da baki. Alhali mutum na iya sauke ƙullin da ke ransa don Allah, ya ci gaba da gaisuwa da ciyarwa da kula da lafiyar uba, amma ya ƙi miƙa yaransa ga hannun da ya san abin da ya taɓa aikatawa. Brendan uba ne shi ma, akwai haƙƙin 'ya'yansa mata biyu a wuyansa.

Kada wani ya ɗauka ina wasa da haƙƙin iyaye. Suratul Isra'i ta hana ko da tsaki gare su, kuma yadda Tommy ya watsa wa mahaifinsa sulalla a gidan caca yana zaginsa abu ne da ba zan taɓa karewa ba. Sai dai addinin da ya wajabta biyayya shi ne ya ce wa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa, a kan kyautar da ya yi wa ɗa guda ya bar sauran. Kuma malamanmu kullum suna karantar da cewa tuba daga laifin da ya shafi haƙƙin wani ba ta cika sai an nemi mai haƙƙin. Wannan rabin karatun ne ba a cika jin sa a wa'azi ba. Ana tara yara a karanta musu haƙƙin iyaye, amma da wuya ka ji an tara iyaye maza an ce musu wanda ya karya hannun matarsa a gaban ɗansa, akwai bashin da istigfari kaɗai ba zai biya ba.

A nan ma Paddy ya fi da yawa daga cikin iyayen da muka sani. Bai taɓa cewa tarbiyya ce yake yi musu ba. Bai ce uwarsu ce ta jawo ba. Ya amsa laifinsa, ya je da ƙafarsa, aka kore shi, ya sake komawa. Mu kuwa sau nawa uba ke buɗe baki ya ce wa ɗansa na zalunce ka? Abin da aka saba shi ne a aiko kawu ko baffa ya ce yaro ka yi haƙuri, uba uba ne, shi ke nan an rufe magana, wanda aka cuta shi ne zai je ya durƙusa.

Ɓarnar Paddy mafi girma ita ce raba 'yan'uwa biyu da ya yi. Ya fifita Tommy saboda shi ne mai cin kofi, ya bar Brendan yana kallo daga gefe, kuma Brendan ya girma da wannan ciwon. Shi kuma Tommy yana ganin yayansa ya yashe su a ranar da suka fi buƙatarsa. Da suka haɗu a bakin teku a Atlantic City, Brendan na nuna masa hoton iyalinsa, yana cewa shi ma yaro ne a lokacin kuma ba wanda ya sanar da shi uwarsu na jinya, Tommy ko kallon arziki bai yi masa ba. Kowannensu yana da gaskiya, kuma wanda ya haddasa abin ba ya wurin. Duk gidan da uba ya zama abin tsoro, haka yaran ke tashi: wani ya gudu, wani ya zauna, kowa na zargin ɗan'uwansa da zaɓin da bai kamata a ce yaro ya yi ba tun farko.

Wasu za su ce ai horon tsanani ne ke fitar da zakara, ba don uban ba da Tommy bai zama abin da ya zama ba. Ban karɓi wannan ba. A duniyar MMA ta gaske muna da Khabib Nurmagomedov na Dagestan, wanda mahaifinsa Abdulmanap ya horar tun yana ƙarami, horo mai tsanani ƙwarai. Da uban ya rasu a Yulin 2020, Khabib ya yi wasa ɗaya kacal, ya doke Justin Gaethje a Abu Dhabi a watan Oktoba, ya faɗi a tsakiyar keji yana kuka, ya ajiye wasan da nasara 29 ba a taɓa cin sa ba, ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawari ba zai ci gaba ba tare da mahaifinsa ba. Tsanani daban, zalunci daban, kuma yaro ya fi kowa sanin wanne aka yi masa.

Gasar MMA ta cikin fim ɗin da ake kira Sparta, wadda Tommy da Brendan suka shiga, mutum 16 a kan dala miliyan 5, kowa ya san 'yan'uwan ne za su haɗu a ƙarshe, wannan ba abin mamaki ba ne. Malamin makaranta ya kayar da Koba ɗan Rasha da ba a taɓa kayarwa ba, a nan ma an ɗan ja igiyar da yawa. Na yafe wa fim ɗin wannan saboda abin da ya zo kafin wasan ƙarshe. Bayan cin mutuncin gidan caca, Paddy ya koma wa kwalba. Tommy ya same shi da safe a ɗakin otal a buge, yana sambatu yana kuka. Wannan shi ne uban da ya sani, wanda ya tsana. Maimakon ya tafi, sai ya ja shi kan gado ya rungume shi a ƙirjinsa har ya lafa. Wannan wasan ne ya sa aka saka Nick Nolte cikin 'yan takarar Oscar, kuma ya cancanta.

A wasan ƙarshe Brendan ya gurɗe wa ƙanensa kafaɗa, Tommy ya ƙi miƙa wuya yana faɗa da hannu ɗaya. Sai da yayan ya shaƙe shi, yana ba shi haƙuri yana gaya masa yana ƙaunarsa, sannan ya buga hannu alamar ya miƙa wuya. Suka fito tare, Brendan na tallafe da shi, 'yan sandan soja na jiran Tommy saboda gudun da ya yi daga rundunarsa bayan jiragen ƙasarsa sun kashe abokansa bisa kuskure. Paddy yana tsaye daga nesa yana kallonsu. Ba a kira shi ba, ba a nuna shi a falon Brendan da jikoki a cinya ba. Marubutan sun ƙi ba shi abin da bai riga ya samu ba, kuma da sun ba shi da sun ci amanar matar da ta mutu.

Ita ce kuma inda nake da ƙorafi. Matar da ta fi kowa shan wuya ba ta da murya a fim ɗin, a bakin maza kawai muke jin labarinta. 'Yan Indiya da suka sake yin labarin a 2015 da sunan Brothers, da Akshay Kumar da Sidharth Malhotra da Jackie Shroff, sun nuna uwar, sun kuma sa uban ya yi ajalinta cikin maye har ya yi zaman kurkuku. Sai dai a ganina sun cika shi da kuka da kiɗa har nauyin ya ragu. Ina fata wani a Kannywood ya ɗauki irin wannan labari da gaske, ya bar uwar ta yi magana da bakinta, kuma idan an zo zaman sulhu a zaure, uban ne zai fara cewa ya yi laifi kafin a ce wa kowa ya yi haƙuri.